Na sayi lasifikoki masu tsada amma sautinsu bai yi daɗi a ɗakina ba: ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi manyan lasifikoki guda biyu, irin masu tsayawa a ƙasa, tare da amfilifaya, kuma kuɗin ba kaɗan ba ne. A inda na saya na ji su kamar mawaƙin yana tsaye a gabana. Da na kawo su gida sai bes, wato sauti mai kauri, ya riƙa gunji yana danne komai, murya kuma ba ta fita tar. Tsawon ɗakin mita 5.5 ne, faɗinsa mita 4, tsayinsa mita 3, bangon bulo da siminti, ƙasa tayil. Na jingina lasifikokin da bango a hagu da damar talabijin, kujerata kuma tana manne da bangon baya. Wani ya ce in canja amfilifaya, wani ya ce wayoyin ne ba su da kyau. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ka mayar da kuɗinka aljihu tukuna. Ba amfilifaya ba ce, ba kuma waya ba ce. Bes mai gunji da murya a dushe ciwon ɗaki ne, kuma daga awon da ka bayar da yadda ka jera kayan, ana iya gane inda ciwon yake tun kafin a shigo gidan. Amfilifaya biyu masu lafiya da ke aiki cikin ƙarfinsu da wuya bambancinsu ya kai desibel ɗaya (da desibel ake auna ƙarfin sauti). Ɗaki kuwa yana iya ɗaga wani sautin bes da desibel 10 ko 15, ya binne wani da fiye da haka, kuma duk wannan yana canjawa idan ka matsa taku biyu. Don haka da abin awo da tef na takarda za mu fara, ba da kasuwa ba.

Bes shi ne farkon abin da za a gyara, domin shi ne mai taurin kai. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa ɗaya (a zafinmu yana ɗan ƙara gudu, amma ba abin da zai ɓata lissafi ba). Sautin da ke kaɗawa sau 60 a daƙiƙa, wato 60 Hz, tsawon igiyarsa ya kai mita 5.7, kusan tsawon ɗakinka ke nan. Idan igiya ta yi daidai da tazarar da ke tsakanin bango biyu masu fuskantar juna, sai ta riƙa kai da komo tana hawa kan kanta. Ka tuna ruwa a cikin daro idan an girgiza shi: a baki biyu yake tashi sama yana sauka, tsakiyar kuwa kusan ba ta motsi. Haka iskar ɗaki take yi. A jikin bango sautin ya fi ƙarfi, a wasu wurare na tsakiya ya ɓace kamar ba a kunna ba. Daga wajen 200 ko 300 Hz zuwa ƙasa, a ɗaki irin na gida, wannan ɗabi'a ce ke mulki ba lasifika ba. Masanin sauti ɗan Jamus Manfred Schroeder ne ya fitar da lissafin wannan iyaka, har yau da sunansa ake kiranta.

Lissafin ba shi da wuya: ka ninka tazarar sau biyu, ka raba 343 da abin da ka samu. Tsawon ɗakinka zai ba ka 31 Hz, sai ninkinsa 62 da 94. Faɗin zai ba ka 43 da 86. Tsayin zai ba ka 57 da 114. Duba yadda 57 da 62 suka zo kusa da juna, haka ma 86 da 94. Gunjin da kake ji kusan tabbas daga nan yake, wajen 60 Hz, inda bugun babbar ganga da jitar bes suke yawan zama. Sautin da ya faɗa nan ba ya mutuwa da wuri, yana ja har ya hau kan wanda ke biye da shi, kuma kunnen ɗan Adam haka yake: sauti mai kauri idan ya yi ƙarfi yana rufe na samansa. Shi ya sa muryar ta dushe alhali lasifikar tana fitar da ita lafiya lau.

Akwai wani abu da ya shafe mu musamman. Yawancin shawarwarin da ake karantawa a mujallun sauti an rubuta su ne daga gidajen Amurka, inda bangon ciki allon jifsam ne a kan katako. Irin wannan bango yana lanƙwasa kaɗan, ya sha wani ɓangare na bes, ya bar wani ya fice waje. Bangon bulo da filasta ba ya ragawa, kusan duk abin da ka ba shi zai dawo maka da shi. Ga tayil a ƙasa. Saboda haka lasifikar da mai sharhi ya yaba da daidaiton bes ɗinta a can tana iya zama mai gunji a nan, ba don an sayar maka da jabu ba. Idan silin ɗinka na allo ne da aka rataya, da fili a samansa, to ka ci sa'a kaɗan, domin yana shan wani abu daga cikin 57 ɗin nan. Idan rufin kankare ne zalla, babu wannan rangwamen.

To, kujera. Wurin da ka ajiye ta shi ne mafi muni a ɗakin gaba ɗaya, domin a jikin bangon baya dukkan sautukan tsawon nan, 31 da 62 da 94, suna kan ganiyarsu. Tsakiyar ɗaki ma, mita 2.75, ba wuri ba ne: can 31 Hz ke ɓacewa, bes ya rasa gindi. A rubu'in tsawon kuma, wato mita 1.4 daga kowane bango, 62 ce ke ɓacewa. Masu tsara situdiyo suna da wata ƙa'idar farawa da ake dangantawa da Wes Lachot, cewa mai sauraro ya zauna a kashi 38 cikin ɗari na tsawon ɗaki. A naka, idan aka auno daga bangon baya, mita 2.1 ke nan, wato kunnenka yana mita 3.4 daga bangon gaba. Ba doka ba ce, wuri ne kawai da ya kuɓuta daga ramin tsakiya da na rubu'i. Ka ja kujerar nan zuwa can tun kafin ka taɓa lasifika, ka kunna abin da ka saba ji. Ina kyautata zaton rabin kukanka zai ƙare a nan.

Sannan lasifikokin. Duk bangon da ka kusanta da su yana ƙara wa bes ƙarfi, har kusan desibel 6 ga kowane ɗaya, kusurwar ɗaki kuma ta haɗa bango biyu da ƙasa. Amma ba ƙari kaɗai bango ke yi ba. Bes yana fita ta kowace fuska, har ta baya, ya bugi bango ya dawo. Idan tazarar da ke tsakanin fuskar lasifika da bangon ta kai rubu'in tsawon igiya, wanda ya dawo zai zo a kife ya kashe wanda ke fita. Maƙerin lasifika Roy Allison ya bayyana tasirin bango a kan lasifika dalla-dalla a 1974. A nan da huɗu ake ninka tazarar, sannan a raba 343 da abin da aka samu: mita ɗaya tana buɗe rami a 86 Hz, santimita 50 a 172 Hz. Wannan rami ba ya cikuwa da ƙara murya, domin duk abin da ka ƙara wa mai fita ka ƙara wa mai dawowa.

Daɗin abin shi ne ana iya amfani da wannan a kashe gunjin. Lasifikar da ke zaune a inda wani sautin ɗaki ke ɓacewa ba ta iya tayar da shi sosai. Don haka ga inda zan fara a ɗakinka: lasifikokin a gajeren bango suna harbi ta tsawo, tsakiyar kowace wufa (babban bakin lasifika mai fitar da bes) mita 1 daga bangon gefe, fuskarta kuma mita 1.4 daga bangon gaba. Mita ɗayan nan rubu'in faɗi ce, inda 86 Hz ba ta da ƙarfi. Mita 1.4 rubu'in tsawo ce, inda 62 ba ta da ƙarfi. Ita kuwa 43 ta faɗi, muddin lasifikokin biyu suna nesa ɗaya da bangon gefensu kana zaune a tsakiya, kusan kashe kanta take yi, domin ɗaya tana tura ta ɗayar tana ja. Ka lura daga fuskar lasifika ake awo, ba daga bayan akwatin ba. Kuma kada tazarar gefe da ta bangon gaba su zo daidai da juna, in ba haka ba ramuka biyu za su faɗa wuri ɗaya su zama rijiya.

Za ka ci karo da wasu hanyoyin, kuma ba ƙarya suke ba. George Cardas, wanda ya kafa wani kamfanin wayoyin sauti a Amurka, yana ninka faɗin ɗaki da 0.276 don tazarar gefe, da 0.447 don ta bangon gaba. A ɗakinka mita 1.1 da mita 1.8 ke nan. Sautin yakan yi zurfi ƙwarai a haka, sai dai ɗakin ya zama na lasifika ba na mutane ba. Kamfanin Wilson Audio kuma yana koya wa masu kafa kayansa su tsaya a jikin bango suna magana da ƙarfi, suna takowa a hankali, wani yana zaune a kujerar sauraro har ya ji inda muryar ta rabu da kaurin bango ta zama tata. Wannan hanya ina son ta, don ba ta bukatar komai sai kunne da mutum biyu. A ɗaya gefen, Genelec na ƙasar Finland, masu ƙera lasifikar situdiyo, shawararsu akasin haka ce: a matso da ita jikin bango, fuskarta kada ta wuce santimita 60, ramin ya hau sama inda ya fi sauƙin magancewa, sannan a rage bes ɗin da ya ƙaru da maɓalli. Idan mutanen gida ba za su lamunci akwatuna a tsakiyar ɗaki ba, wannan ce mafitarka. Sai dai ka duba bayan lasifikar: idan ramin iskarta a baya yake, ka bar masa aƙalla tafin hannu biyu, kuma idan an haɗo maka da soson toshe shi a kwali, ka gwada. Abin da za ka rasa a jikin bango shi ne zurfi, wato jin cewa mai ganga yana can bayan mawaƙi.

Duk wannan ga lasifikar akwati ce ta yau da kullum. Akwai waɗanda aka ƙera don kusurwar ɗaki, kamar Klipschorn da Paul Klipsch ya fara yi a 1946, wadda bangon ɗaki ma ɓangare ne na ƙahonta. Akwai kuma masu siffar allo, ba akwati ba, irin su Quad da Magnepan da MartinLogan, da ke fitar da sauti gaba da baya daidai wa daida, su kam sai an ba su mita ɗaya ko fiye a baya. Ka duba littafin da ya zo da taka.

Bayan ka kafa su a wurin farawa, ka liƙa tef a ƙasa ka zana santimita a kai. Ka zaɓi kiɗa ɗaya da bes ɗinsa ke hawa da sauka, ba mai buga sauti ɗaya ba. Abin da kake nema shi ne kowane bugu ya fito da nauyi ɗaya, kada wani ya yi tsalle wani ya nutse. Ka matsar da su gaba ko baya santimita 10 a lokaci guda, ka koma ka zauna, in ka kusa sai ka rage zuwa 2 ko 3. Abu ɗaya ake canjawa a lokaci ɗaya. Mai ja da lasifika yana karkata ta yana kuma matsar da kujera duk a tashi ɗaya ba zai taɓa sanin wanne ya yi aiki ba.

Sai bes ya zauna sannan ake maganar tsayuwar murya a tsakiya. Tun da Alan Blumlein ya yi rajistar dabarar sitiriyo a Ingila a 1931, asalin abin bai canja ba: lasifika biyu ke yaudarar ƙwaƙwalwa ta ji murya a inda babu lasifika. Ma'aunin da situdiyo ke bi shi ne alwatika mai ɓangarori uku daidai, kowace lasifika digiri 30 daga tsakiya. Da tazarar mita 2 tsakanin naka, alwatikar za ta sa ka a wajen mita 3.1 daga bangon gaba, lissafin bes kuma ya ce 3.4. Ko'ina tsakanin biyun ya yi, kunnenka ne zai yanke hukunci. Abin da ba a sassauci a kansa shi ne nisan kowace lasifika zuwa kanka ya zo ɗaya. Binciken Helmut Haas da na wasu a wajen 1949 ya nuna ƙwaƙwalwa tana bin sautin da ya riga isowa. Jinkirin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, wato bambancin santimita 34 kacal, ya isa ya janye murya gaba ɗaya zuwa gefe ɗaya, kuma santimita biyu ko uku ma suna sa ta ta bazu. Ka ɗaura zare a tsakiyar majinginar kujera, ka ja shi zuwa tuwitar hagu (ƙaramin bakin lasifika mai fitar da siririn sauti), ka riƙe wurin, ka kai ta dama. Zare ba ya son kai.

Don gwaji, ka kunna muryar mai karanta labarai ko wani karatu da aka ɗauka da makirufo ɗaya. Ka rufe ido. Ya kamata ka ji bakin mai maganar ƙarami, tsaye cak a tsakiya. Idan ka ji muryar ta watsu ba ka iya nuna inda take, bes kuma ya yi sirit, ka duba wayoyin: ja ga ja, baƙi ga baƙi a dukkan ɓangarorin. Juya waya ɗaya kuskure ne da ke faruwa har ga waɗanda suka daɗe a sana'ar.

Karkatar da su zuwa ciki kuwa ya danganta da ƙirar lasifikar da kuma ɗanɗanonka. Ka fara da nuna su kai tsaye ga kunnuwanka, inda daga kujera ba ka ganin gefen akwatin. A nan murya ta fi tsayuwa, siririn sauti ya fi kaifi. Sai ka riƙa buɗe su kaɗan-kaɗan: filin zai faɗaɗa, kaifin ya ragu, har ka kai inda tsakiya ta fara yin rami, sai ka dawo baya kaɗan. A ɗaki mai bangon siminti tsirara nakan fi son karkatawa sosai, wani lokaci har layinsu ya gitta a ɗan gaban fuskar mai sauraro, domin hakan yana rage abin da ke bugun bangon gefe, kuma wanda ke zaune kusa da kai ma yana samun rabonsa. Tuwita ta zo daidai da tsayin kunne kana zaune, galibi tsakanin santimita 90 da mita ɗaya. Idan kujerarka mai nutsewa ce, ka ɗan sunkuyar da lasifikar ta ƙafafunta. Ƙusoshin da ke ƙasanta aikinsu hana ta rawa, a kan tayil ka sa musu faranti ko ka yi amfani da ƙafar roba, ka tabbatar ba ta girgiɗi idan ka taɓa ta.

Yanzu tayil. Ka tafa hannu sau ɗaya a tsakiyar ɗakin. Idan ka ji wani zirrr mai kama da ƙarfe yana bin tafin, amsa-kuwwa ce ke kai da komo tsakanin bangaye tsirara. Ɗakin sauraro mai daɗi sauti yakan mutu a cikinsa cikin kashi uku zuwa biyar cikin goma na daƙiƙa, ɗakin siminti da tayil da babu kaya yana iya kaiwa daƙiƙa guda. Kafet mai kauri, da shimfiɗa a ƙarƙashinsa, tsakaninka da lasifikokin shi ne abu na farko. Teburin gilas ya tashi daga nan. Talabijin ɗin da ke tsakiya ma madubin sauti ne, amma da zarar lasifikokin sun fito gabansa sharrinsa ya ragu. Sai bangon gefe: ka zauna, wani ya riƙa jan madubi a jikin bango daidai tsayin kunnenka, duk inda ka hango tuwita a ciki, nan ne sauti ke fara karyowa zuwa gare ka. Ko a rufe wurin ko a bar shi, masana sun saɓa. Floyd Toole, wanda ya shafe shekaru yana gwajin sauraro a cibiyar bincike ta ƙasar Kanada sannan a kamfanin kayan sauti na Harman, ya gano cewa mutane da yawa sun fi son wannan sautin gefe idan lasifikar tana watsa sauti mai tsabta ta gefenta, don yana ƙara faɗi. Ni dai a ɗakin bulo mai faɗin mita 4 zan rufe, amma ka fara gwadawa da katifa ka jingina, ka ji da kunnenka kafin ka kira kafinta. Idan za a yi, a yi mai kauri: firam na katako cike da Rockwool (wata irin audugar gini mai shan sauti) na santimita 10, a lulluɓe da yadin da iska ke ratsawa. Kiret ɗin ƙwai da siririn soso ba sa komai sai cinye siririn sauti su bar gunjin, ɗaki ya ƙara dushewa. Kuma abin da ka yi wa hagu ka yi wa dama, idan taga ce a gefe ɗaya labule mai nauyi ya rufe ta.

Abin da zai saura bayan duk wannan, mai yiwuwa, shi ne 57 Hz ta tsakanin ƙasa da sama, domin ja gaba ko gefe ba ya taɓa ta. Labule da kafet ba su san da zamanta ba, tunda rubu'in igiyarta mita ɗaya da rabi ne. A nan awo ke da amfani. Manhajar awon sauti mai suna REW kyauta ce, da makirufon awo irin UMIK-1 da kwamfuta za ka ga tudu da ramin ɗakinka a zane, wato sautukan da suka yi yawa da waɗanda suka ɓace. Tudun da ya ƙi sauka ana rage shi da ikwalaiza ta dijital, wato abin rage ko ƙara ƙarfin wani sauti shi kaɗai, ko da tsarin gyaran sautin ɗaki irin Dirac Live idan amfilifayarka tana da shi. A rage tudu kawai, kada a yi ƙoƙarin cike rami, wannan wahalar da wufa ce a banza. Kuma ni nakan tsayar da gyaran a ƙasa da 300 Hz, in bar sama yadda maƙerin ya tsara. Idan daga baya ka so ƙara sabwufa, wato akwatin da bes kaɗai yake fitarwa, biyu matsakaita sun fi ɗaya babba: binciken Todd Welti a Harman ya nuna cewa sanya su a tsakiyar bangaye biyu masu fuskantar juna yana daidaita bes a kujeru da yawa, ba ɗaya kaɗai ba.

Fankar sama kuma ka kashe ta yayin da kake wannan saiti. Ban da hayaniyarta, fikafikanta suna yanka sautin da ke karyowa daga sili, sai ka ji dogon sauti yana rawa ka ɗauka laifin lasifika ne. Na'urar sanyaya ɗaki a mafi ƙarancin gudunta ta fi sauƙi, kuma da dare, lokacin da janaretocin unguwa suka yi shiru, ka fi jin bambancin santimita biyun nan. Idan ka samu wurin, ka bar alamar tef a kusurwoyin kowace lasifika da ƙafafun kujera, ka rubuta awon a takarda, domin ranar da aka yi shara ko aka yi baƙi sai an ture su.